ELM327: 'yar na'urar da ya kamata mai tsohuwar mota ya fara saye kafin gwajin hayaƙi

ELM327 'yar na'ura ce da ba ta fi akwatin ashana girma ba, yawanci shuɗiya ko baƙa. Ana soka ta a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba, sai ta haɗa ƙwaƙwalwar motar da wayar hannu. Kuɗinta bai kai na cika tanki ba. Ga mai tsohuwar motar fetur da za a kai gwajin hayaƙi, ko wadda ta je ta faɗi, ita ce abin da ya kamata a fara saye, kafin fulogi, kafin sensa, kafin kwalbar maganin da ake zubawa a tanki. Sai dai a san iyakarta tun yanzu: ba ta shaƙar hayaƙi, ba ta auna abin da ke fita ta salansa. Abin da ƙwaƙwalwar mota ta gani shi take kawo maka, kuma sai wanda ya iya karanta shi yake amfana.

Kafin a shiga maganarta, yana da kyau a san abin da ake nema a wajen gwaji. A Ingila, inda ake gwajin shekara-shekara da ake kira MOT, ana zura bututu a bakin salansa, a taka totur har injin ya kai juyi 2,500 zuwa 3,000 a minti. A gwajin farko na motar fetur mai katalis, wato tukunyar da ke jikin salansa mai rage gubar hayaƙi, iskar CO mai guba kada ta wuce kashi 0.2 cikin ɗari, ɗanyen man da bai ƙone ba, wato HC, kada ya wuce 200 a cikin miliyan, ma'aunin lamda, mai nuna daidaiton iska da mai, kuma ya tsaya tsakanin 0.97 da 1.03. Sannan a sake totur, a auna CO a silo, kada ta wuce kashi 0.3. Motocin da aka fara hawa tsakanin Agustan 1986 da Yulin 1992 kuwa an bar musu har kashi 3.5 na CO da 1,200 na HC. Wannan tazarar, daga 3.5 zuwa 0.2, aikin katalis ne da sensar oksijin, wadda ke auna ragowar oksijin a cikin hayaƙi. A jihohin Amurka da dama ma ba a zura bututu ga motocin 1996 zuwa sama, kafar nan ta ƙarƙashin sitiyari ake sokawa a tambayi ƙwaƙwalwar. A Najeriya, tun Janairun 2022 Legas ta ce ba a ba da takardar lafiyar mota sai an kai motar cibiyar gwaji ta kwamfuta, kuma hayaƙi na cikin abubuwan da ake dubawa.

Ba kowace tsohuwar mota ce za ta yi magana da na'urar ba. Tsarin da take ji shi ne OBD2, wanda ya zama dole a Amurka daga 1996, a Turai kuma daga 2001 ga motocin fetur, 2004 ga na dizal. Saboda haka Camry mai siririyar fitilar baya, Camry Big Daddy, Accord EOD, Corolla ta 2003 zuwa 2008, Sienna da Civic, in dai 'yan Amurka ne, duk suna amsawa. 'Yar Beljiyam ta ƙarshen shekarun 1990 kuwa tana iya samun kafar mai ramuka 16 amma ta ƙi cewa uffan, domin kafar ta riga tsarin zuwa. Mota mai kafireto irin su Peugeot 504 ba ta cikin wannan zance kwata-kwata.

Wajen saye ne ake fara cutuwa. Asalin ELM327 ƙirar wani kamfanin Kanada ne mai suna Elm Electronics, amma kusan duk wadda ke kasuwa a kan wannan farashi kwaikwayo ce daga China. Kwaikwayon ma hawa-hawa ne. Za ka ga an rubuta v1.5 a jikin wasu, v2.1 a jikin wasu, hankali ya ba ka cewa babbar lamba ce sabuwa kuma ta fi kyau. Ga tsohuwar mota abin ba haka yake ba. Yawancin masu arha da ke ɗauke da v2.1 an rage musu kaya, suna jin yaren CAN na motocin 2008 zuwa sama, amma suna tuntuɓe da tsofaffin yaruka, musamman J1850 na tsofaffin Ford da GM, wasu ma har da ISO 9141-2 da Toyota da Honda na farkon shekarun 2000 ke amfani da shi. Wadda masu sana'ar suka fi yarda da ita ita ce v1.5 mai ƙwayar PIC18F25K80 a ciki. Tunda rubutun jikin kwali ba hujja ba ne, kada a yi cinikin biri a sama: a soka ta a motar a gaban mai shago, in ta kawo juyin injin da zafin ruwa, a biya. Mai iPhone kuma ya nemi mai WiFi ko mai Bluetooth LE, domin tsohon Bluetooth ɗin da ke jikin masu arha da Android kawai yake tafiya.

Haɗawa ba wuya. A soka, a murɗa mukulli fitilun dashbod su kama, a nemi sunan OBDII a Bluetooth na waya, lambar sirri 1234 ko 0000. Manhajar Torque ko Car Scanner ta wadatar. Idan na'urar ba ta kawo wuta ba sam, kafin a zarge ta a duba fiyus: rami na 16 ne ke kawo wuta daga batir, kuma a Toyota da yawa akwai fiyus ɗinsa daban da aka rubuta wa OBD, a wasu motocin kuma yana tare da na kunna sigari.

Yawancin mutane da sun haɗa sai su ruga wajen lambobin matsala, irin masu farawa da P ɗin nan da ƙwaƙwalwa ke ajiyewa in ta ga wani laifi. Lambobin suna da amfani, amma ƙarfin na'urar yana shafin da ke nuna ma'aunai a lokacin da injin ke aiki, kuma ma'aunin da za a fara kallo shi ne zafin ruwa. Da safe, kafin a tada mota, zafin ruwa da zafin iskar da ke shiga injin su yi kusa da juna, bambancin kada ya wuce digiri kaɗan. Idan iska na nuna 28 ruwa na nuna 5, sensar ruwa na yi wa ƙwaƙwalwa ƙarya, ita kuma za ta riƙa antaya mai kamar ana sanyin ƙanƙara. Idan aka ga -40, waya ta tsinke ko soket ya fita. Bayan tafiyar minti goma zuwa sha biyar, zafin ya hau tsakanin 85 da 95 ya zauna.

A nan ne motocinmu da yawa ke faɗuwa. Al'ada ce a garejojin Najeriya mota na sauka daga Kwatano a cire mata tamostat, a ɗaure fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga tada injin har kashewa, wai ƙasarmu da zafi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Tamostat ɗin Toyota da yawa a digiri 82 yake fara buɗewa, kuma aikinsa ya kai injin zafin aiki da sauri ya riƙe shi a can. In babu shi, musamman da safiyar hunturu a kan babban titi, ruwa yana iya maƙalewa a 60 ko 70. Allurar dashbod ba za ta tona asiri ba, domin an yi ta ne ta zauna wuri guda a kan tazara mai faɗi, amma wayar za ta nuna lambar tsirara. Injin da bai yi zafi ba man cikinsa ba ya ƙonewa duka, HC da CO su hau, fetur ya riƙa zurara cikin baƙin mai, ƙwaƙwalwa kuma ta ƙi yin wasu gwaje-gwajenta. Lambar P0128 maganar da take yi ke nan. Maganin shi ne a mayar da tamostat na asali da robarsa, a mayar da fanka kan rile ɗinta, a fitar da iska daga lagireto. In motar ta koma zafi bayan haka, akwai ciwon da aka ɓoye tun farko: lagireto ya toshe, murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya ci.

Ma'auni na biyu, wanda shi kaɗai ya biya kuɗin na'urar, shi ne STFT da LTFT, lambobin gyaran awon mai. Injin fetur yana son awo 14.7 na iska ga awo 1 na mai, shi ne lamda 1. Ƙwaƙwalwa tana ƙara mai ko ta rage don ta riƙe wannan awon, kuma waɗannan lambobi biyu suna nuna yawan gyaran da take yi, na farko na nan take, na biyu wanda ta haddace. In an tara su suka tsaya tsakanin -5 da +5, lafiya lau. In sun wuce 10 ta kowane ɓangare akwai matsala, ko da fitilar cek, mai gargaɗin matsalar injin a dashbod, ba ta kama ba, domin sau da yawa sai gyaran ya yi nisa sosai kafin P0171 ta ƙarancin mai ko P0172 ta yawan mai su fito. Mota tana iya faɗuwa gwaji a wannan tsakanin, dashbod ɗinta fes.

Yadda ake karanta su: injin ya yi zafi, a kashe iyakwandishan, a rubuta lambar a silo, sannan a riƙe totur a 2,500 na rabin minti a sake rubutawa. Idan a silo ta nuna +18, a 2,500 ta sauko +4, iska ce ke satar hanya ta shiga injin ba tare da an auna ta ba. A bi robobin iska ɗaya bayan ɗaya, a lanƙwasa babban bututun da ke tsakanin matatar iska da bakin totur a duba tsagar cikin ninkinsa, a duba robar bawul ɗin PCV, mai mayar da tururin baƙin mai cikin injin, da ta birki. A Corolla mai injin 1ZZ-FE, gasket ɗin da ke tsakanin manifol na iska da kan injin sananne ne wajen bushewa, yana shan iska da safe, in ya ɗau zafi ya ɗan toshe. A fesa ɗan maganin wanke kafireto a gefensa ana kallon STFT: in lambar ta faɗo ƙasa nan take, an kama ɓarawon. A yi hankali dai, maganin yana kama wuta, kada a fesa kusa da kwayil ko manifol na hayaƙi. Idan kuwa a silo lambar ƙalau take amma tana hawa da hawan juyi, to sensar auna iska, MAF, ta yi datti ko famfon mai ya gaji. MAF ta Toyota sukurori biyu ke riƙe da ita. A cire, a fesa mata maganin da aka yi dominta, kada a taɓa siririyar wayar da tsinke ko auduga, a bar ta ta bushe minti goma. Injin lita 1.8 mai zafi a silo yakan nuna giram 2 zuwa 3 na iska a daƙiƙa. Lamba mai alamar ragewa, kamar -15, tana nufin mai ya yi yawa: nozul na ɗiga, matsin mai ya wuce ƙima, ko bawul ɗin tururin tanki ya maƙale a buɗe.

Sai sensar oksijin. Ta gaba, wadda ke kafin katalis, in tsohuwar ƙira ce, wutarta na lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9, kusan sau ɗaya a daƙiƙa a juyi 2,500. A sa manhajar ta zana layi, kallon lambobi kaɗai ba ya nuna komai. Layin da ke jan ƙafa ko ya kwanta wuri guda na nuna sensa ta tsufa, mai jan ƙafar shi ne P0133. P0135 da P0141 kuma na hitar da ke cikin sensar ne, kuma kafin a saye sabuwa a gwada fiyus da waya. Wani kuskure da ke cin kuɗin mutane: Toyota da Honda da yawa daga farkon shekarun 2000 sensarsu ta gaba ba mai lilo ba ce, irin da ake kira A/F ce, wadda ke zama kusan wuri guda, a Toyota wajen bolt 3.3, wasu manhajojin su nuna 0.66. Wanda bai sani ba sai ya ce ta mutu, a je kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka a ɗauko wata mai zare iri ɗaya a ɗaura. Zaren ya shiga, soket mai lamba 22 ya ɗaure ta tsaf, amma ƙwaƙwalwa ba ta jin yarenta. A sayi sensa da lambar da ke jikin tsohuwar, ba da kamanni ba.

Sensar baya ita ce mai ba da shaida a kan katalis, wanda kanikawa ke kira indomi saboda ƙananan ramukan cikinsa. In yana da rai, layin sensar baya yakan kwanta lub wajen 0.6 zuwa 0.8. In ya mutu, ko an fasa tukunyar an kwashe cikin an sayar saboda ƙarafa masu tsada irin su filatinam da ke jikinsa, layin baya sai ya riƙa rawa tare da na gaba, P0420, lambar raunin katalis, ta biyo baya, ko P0430 a ɗaya ɓangaren injin V6. Mai sayen mota ta hannu ya riƙe wannan. Ko an cire ƙwan fitilar cek ko an liƙe ta da baƙin tef, wayar za ta nuna cewa ƙwaƙwalwa ta ba da umarnin kunna ta.

P0420 ba umarnin sayen katalis ba ce. Ɓula a salansa kusa da sensa tana kawo ta, gajiyayyar sensa ma haka. Kuma katalis ba kasafai yake mutuwa da kansa ba, kashe shi ake yi: ɗanyen mai daga fulogin da ba ya ba da wuta yana ƙonewa a cikinsa har ya narke, baƙin mai da ruwan lagireto kuma suna shafe fuskarsa. Wanda ya ɗaura sabo bai gyara sanadin ba, tsugune ba ta ƙare ba. Kwalaben maganin wanke katalis suna iya taimaka wa motar da ta faɗi da ƙiris, wadda zirga-zirgar cikin gari ta tara mata ƙura, amma ba sa tada narkakke, ba sa cika tukunyar da aka kwashe. Ɗan ƙarfen da ake sakawa a janye sensar baya daga hanyar hayaƙi kuwa ƙwaƙwalwa yake yaudara. Bututun mai gwaji ba ruwansa da shi.

P0301 zuwa P0304 suna faɗin silindar da ke tsallake wuta. A musanya kwayil ɗinta da na maƙwabciya, a goge lambar, a yi tafiya. In lambar ta bi kwayil, shi ne mai laifi. In ta zauna, a musanya fulogi, sannan nozul, sannan a auna matsin silindar. Fitilar cek mai ƙyaftawa na nufin katalis na cikin haɗari a wannan lokacin, a sassauta totur a tsaya.

Babban aibin na'urar shi ne sauƙin da ta sa wa gogewa. Danni ɗaya fitila ta mutu, mai mota ya nufi wajen gwaji yana murna. Gogewa, ko cire kan batir, tana share LTFT da ƙwaƙwalwa ta haddace, tana share hoton ma'aunan da aka ajiye lokacin da matsalar ta faru, tana kuma mayar da gwaje-gwajen cikin gida na katalis, sensa, EGR (bawul ɗin mayar da hayaƙi cikin injin) da tururin tanki su koma ba a kammala ba. Inda ake gwaji ta kafar OBD2, wannan kaɗai ya isa a maido da mota. Ƙa'idar da jihohin Amurka da yawa ke bi ita ce a yafe biyu marasa kammala ga motocin 1996 zuwa 2000, ɗaya tak ga na 2001 zuwa sama. A Ingila kuma, tun Mayun 2018 fitilar cek a kunne tana kayar da motar fetur da aka fara hawa daga Yulin 2003, kuma mai gwaji yana duba cewa ta kama da aka murɗa mukulli kafin ta mutu. Don haka a ɗauki hoton komai kafin a goge, a yi gyara, a goge sau ɗaya, sannan a ba motar kwana biyu zuwa mako: tashi da sanyin injin, tafiyar minti goma sha biyar a kan gudun kilomita 80 zuwa 100 a awa ba tare da wasa da totur ba, sakin totur a bar ta ta gangara, da ɗan tsaye-tsayen cikin gari. Gwajin tururin tanki yana son mai ya kasance tsakanin kwata da kashi uku cikin huɗu. Shafin da ke nuna waɗanda suka kammala yana cikin manhajar.

Akwai inda ELM327 makauniya ce, kuma a nan takardar sakamakon gwaji ta fi ta. Idan CO da HC sun yi ƙasa amma lamda ta haura 1.03, kusan kullum ɓula ce a bayan salansa ke jan iska, wurin da babu sensar da za ta gani. A toshe bakin salansa da tsumma na 'yan daƙiƙu injin na silo, inda aka ji huci nan ne, mai walda ya gama aikin. Idan lamda daidai take amma CO ta ɗan haura, katalis ne ya raunana ko bai ɗau zafi ba. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, daga ringi ko robar bawul, ciwon da aka san injin 2AZ-FE na Camry 2007 zuwa 2009 da shi, kuma ƙwaƙwalwa tana iya yin shiru a kansa har sai ya kashe katalis. Ga motar dizal, wadda duhun hayaƙinta ake aunawa, amfanin na'urar kaɗan ne. Jinkirin kawo bayani ma matsala ne a tsofaffin motoci: in an buɗe ma'aunai goma lokaci guda layin sensa zai riƙa tsalle, har mai lafiya ta yi kama da matacciya. A bar biyu ko uku a kan allo.

Ranar gwaji a tabbatar an yi juye kwanan nan, domin tsohon baƙin mai da ya sha fetur yana tura tururi ta PCV ya ɗaga HC. Matatar iska ta zama mai tsabta, murfin tanki ya ɗauru har ya yi ƙara. Katalis ba ya fara aiki sai ya kai wajen digiri 250 zuwa 300, kuma wanda ya tsufa ya fi buƙatar zafi, saboda haka a yi tafiyar minti ashirin zuwa talatin a babban titi a wuce wajen gwaji kai tsaye. In an tarar da layi kada a kashe injin, in an kusa kira a riƙe shi a 2,500 na minti biyu. A leƙa waya karo na ƙarshe: ruwa ya haura 85, STFT da LTFT na kusa da sifili, babu lambar da ke jiran fitowa. Sannan a zare na'urar a jefa aljihun mota, domin mai gwaji na iya buƙatar kafar, kuma rami na 16 ba ya mutuwa da mukulli. In an bar ta a soke mota ta yi mako biyu a ajiye, tsohon batir yana iya ƙin tashi.